Wankin da ba ruwa: daga gungumen bugu zuwa shagon dirai-kilina

Assalamu alaikum. Ku dubi rigar nan da ke gabana. Farar shadda ce, da aikin aska takwas a ƙirji, kuma hannu ne ya yi aikin, ba keke ba. Sau ɗaya tak mai ita ya sa ta, ranar wani ɗaurin aure a Unguwar Rimi. Ya dawo gida da ɗigon manja a gaba, da shatin gumi a wuya, da turaren da aka fesa masa a ƙofar masallaci. To yanzu wa za a ba wannan riga ya wanke?

Yawancinmu a Kaduna za mu ce a kai dirai-kilina. Sunan na nufin busasshen wanki, amma a gaskiya kayan na jiƙewa sharkaf. Abin da babu a ciki shi ne ruwa. Wani sinadari ake zubawa, mai kama da kananzir, wanda ke narkar da maiƙo ba tare da ya kumbura zare ba. Ruwa kuwa idan ya shiga ulu ko siliki, zaren na kumbura, ya motse in ya bushe, kwat ta ƙanƙance, launi ya zuba.

Neman abin da zai ci maiƙo a tufa tsohon abu ne. A garin Fomfei na ƙasar Rum, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya, har yau ana ganin kwatamin masu wanki, inda suke tattake ulu da ƙafa, suna amfani da wata irin laka mai tsotse mai. Amma sana'ar da muka sani yau a ƙarni na 19 ta faro.

A 1821, wani tela baƙar fata a birnin New York mai suna Thomas Jennings ya karɓi takardar mallakar fasaha a kan hanyar tsabtace tufa ba tare da ruwa ba. Shi ne baƙar fata na farko da aka sani ya samu irin wannan takarda a Amurka, a zamanin da ake cinikin 'yan uwansa a kasuwa. Kuɗin da ya samu ya sa su wajen 'yanto iyalinsa da yaƙi da bauta. Duk lokacin da na shiga shagon wanki sai na tuna da mutumin nan, don ba kasafai ake ambatonsa ba.

Wanda aka fi ambata Bafaranshe ne, Jean-Baptiste Jolly. Labarin da masu sana'ar ke bayarwa shi ne, man fitila ya zube a kan ƙyallen teburinsa, da ya bushe sai aka ga wurin ya fi ko'ina haske. Ya buɗe shago a Faris, har Turawa suka riƙa kiran abin wankin Faransa. Sai dai da man fitila da fetur ake yi, kuma kun san abin da ke faruwa in fetur ya haɗu da dutsen guga. Gobara ta ci shaguna da yawa. A 1924 wani mai wanki a Atlanta, William Stoddard, ya taimaka aka samar da wani mai da ba ya saurin kamawa. Daga shekarun 1930 kuma aka koma ga sinadarin da ake yi wa laƙabi da fak, wanda ba ya cin wuta sam. Ku riƙe sunan, za mu dawo kansa.

Da inji ya yawaita, wanki ya yi araha, sai wasu shaguna suka ware kansu don masu kayan tsada. Jeeves of Belgravia, da aka buɗe a Landan a 1969, na cikin waɗanda suka yi suna.  Abin da suke sayarwa shi ne ido da hannu: mutum ɗaya ya zauna da riga ɗaya, ya san zarenta, ya san tabonta, ya goge ta da hannu.

Nan ne nake so mu dawo gida, domin wannan ido da wannan hannu Bahaushe ya daɗe da su. Tun kafin a ƙera injin wanki muna da masu bugu. Wanda ya taɓa wucewa ta rumfarsu ya san sautin: mutum biyu zaune a gaban santalelen gungume, kowa da tabaryarsa, wannan ya ɗaga wancan ya sauke. Ana yayyafa wa riga ruwa kaɗan, a ninke ta, a yi ta duka har zaren ya kwanta ya miƙe, ya soma ƙyalli. Rawanin ɗan Kura da Buzaye ke nema har cikin Sahara, da bugu da shuni yake samun walƙiyarsa. A Kano, kusa da marinar Ƙofar Mata, har gobe ana yi. Shaddar Getzner da ake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, a kamfanin da aka kafa tun 1818, a masana'anta ake danne ta da ƙarfi har ta yi santsi da ƙyalli. Mai bugu da ice yake yin irin wannan aikin.

Ga kuma masu wankin hula. Zanna bukar ba a cuɗa ta kamar singileti. Da buroshi ake bin ta, a sa mata sitaci, a ɗora ta a kan icen da aka sassaƙa daidai girman kai, a jera a rana. Ku leƙa wajen Kasuwar Barci da hantsi za ku gani.

Kaduna kuwa gari ne da ya tashi da tufa iri biyu. Tun da Turawan mulki suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, garin ya cika da ma'aikatan gwamnati da sojoji da 'yan reluwe, masu kaki da kwat. Zamanin Sardauna kuma majalisa na zama a Lugard Hall, sarakuna na zuwa da alkyabba, ministoci da manyan riguna. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, UNTL ta biyo baya a 1964, dubban mutane suna cin abinci a yadi. Mutanen da suka san zare haka ba za su miƙa tufarsu ga kowa ba. Masaƙun sun durƙushe, abin da har yau yake mini ciwo, amma son tufa mai kyau bai bar garin ba. Shi ya sa daga Ahmadu Bello Way zuwa Barnawa da Malali za ka ga shagon wanki mai gilashi, a bayan layi kuma ga mai wanki da guga da dutsen gawayinsa.

To mene ne ake biya a shagon tsada? Bari mu bi rigarmu.

Kafin komai, a shimfiɗa ta ƙarƙashin fitila mai haske, a duba ciki da bai, a zazzage aljihu. Tabo uku ne a jikinta, kuma kowanne da maganinsa. Manja maiƙo ne, sinadari zai cinye shi. Gumi kuwa gishiri ne da ruwa, sinadari ba ya taɓa shi, haka zoɓo, haka shayi, haka goro. Waɗannan sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da tururi da sabulu na musamman kafin riga ta shiga inji. Mafi sharri shi ne lemon kwalba: yana bushewa ba a ganin komai, amma da zafin guga ya taɓa sukarin sai ya ƙone ya zama ruwan ƙasa, kuma da wuya ya fita. Don Allah idan kun kai kaya, ku faɗi abin da ya zuba.

Injin kansa kamar babban injin wanki yake, sai dai a rufe yake ruf. Sinadari ya shiga, ya zagaya, a tace shi, a dafa shi ya zama tururi ya sake komawa ruwa mai tsabta, a kuma amfani da shi. Shagon da ke ƙyashin tacewa, farar riga za ta fito da duhu-duhu, tana warin kayan wasu.

Akwai kuma kayan da bai kamata su shiga injin ba ko kusa. Wannan a gidanmu muka koya. Leshin lefen yayata, mai duwatsu, aka kai wani shago a garin nan. Ba wanda ya duba ko ɗinka duwatsun aka yi ko manna su. Sinadari ya narkar da gam, leshi ya dawo da ramuka-ramuka inda duwatsu suke, wasu ƙyalƙyalin roba sun narke sun manne. Ta zauna a bakin gado tana juya shi, ba ta ce uffan ba. Inna ce ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, araha ba ta ado." Da an gwada ɗigo ɗaya a gefen zanen, da ba a kai nan ba.

Mu koma kan fak. Yana wanki da kyau, amma hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar daji. Jihar Kalifoniya ta kammala hana amfani da shi a shagunan wanki a 2023. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne yaron shago da ke shaƙarsa daga safe zuwa magariba a ɗaki marar taga. Masu shaguna, ku ji tsoron Allah a kan yaran nan: ku buɗe musu iska, ku ba su safar hannu, kada a zubar da dattin sinadari a kwata, don ƙarshensa rijiyar maƙwabta ko Kogin Kaduna. Ku kuma masu kaya, da kun isa gida ku cire ledar, ku rataye tufar ta sha iska. Leda na riƙe danshi, da damina sai ku tarar da fumfuna.

Rigarmu dai auduga ce, ba ta tsoron ruwa kamar ulu, ƙyallinta kawai ake ji wa. An cire manjan da ɗan sinadari, an bi wuyan da ruwan sanyi, an shanya ta a inuwa a kife don kada aikin ya koɗe. Daga nan na ɗauke ta na kai wa wani dattijo mai bugu a Tudun Wada. Ya shafa aikin da bayan hannunsa, ya ce, "Ɗana, wannan ba a dukan ƙirjinta, sai a ninke aikin ciki." Ya ninke, ya kira abokin aikinsa, suka ɗauki tabare. Ga ta nan yadda ta dawo. Bari in juya ta wajen haske ku gani.