Kifin tirawut da bas: ruwan ake aunawa kafin a jefa fatsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Amurka za mu leƙa, wajen masu kamun kifi da fatsa a watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da sanyinsu ke janyewa ƙanƙara na narkewa. Wasu na fassara lokacin da bazara, amma fa kar ka kawo bazarar Sakkwato a ranka, a can mutum da rigar sanyi yake fita kogi.

Kifi biyu za mu duba, tirawut da bas. Bas ɗin nan ba na tasha ba ne, kifi ne mai ƙaton baki, shi kuwa tirawut ɗan ruwan sanyi ne mai ɗigo-ɗigo a jiki. Kuma duk wanda ya san harkar, abin da yake fara zurawa a ruwa ma'aunin zafi ne, don jikin kifi zafin ruwan da yake ciki yake bi, in ruwa ya yi sanyi ƙalau to cikinsa ma a hankali yake narkar da abinci, ko ka kai masa tana har baki sai ya kalle ka kawai.

To bari mu fara da tafki. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Salshiyas, shi ya sa da ƙanƙarar sama ta narke ruwan saman ya kai digiri 4 ɗin nan sai ya daidaita da na ƙasa, iska ta kaɗa ta gauraya tafkin gaba ɗaya, oksijin ya kai har ƙasa. A 'yan makonnin nan tirawut na iya zama ko'ina, har bakin gaɓa, wanda ba shi da kwalekwale ma sai ya kama babba yana tsaye a tudu. Da zafi ya shigo sai su koma can ƙasa. Tirawut ya fi cin abinci tsakanin digiri 10 zuwa 16, in ruwa ya haura 20 kuma ya fara galabaita kenan.

Kogi kuwa wani labarin ne daban. A jihohi masu duwatsu irin Montana da Kwalorado, dusar ƙanƙarar da ta taru kan tsaunuka tana narkewa sosai a Mayu zuwa Yuni, kogi ya cika ya yi jajir da laka yana gudu kamar zai tafi da mutum. Masu wayo kafin wannan cikar suke fita, a Afrilu, ruwa na nan garau. In kuma ya riga ya cika, kar ka wahalar da kanka da tsakiya, kifin ma gudun ƙarfin ruwan yake, yana laɓe bayan dutse ko gefen gaɓa inda ruwan ya lafa. Kuma ba sai ka yi sammako ba wallahi, daga azahar zuwa la'asar ne ruwa ke ɗan ɗumi, ƙwari su ƙyanƙyashe su taso, tirawut ya hau sama yana cafka.

Yanzu bas, wanda ni dai ya fi burge ni. Duk lokacin sanyi yana can cikin zurfi ba ya son motsi. Da ruwa ya kai wajen digiri 10 sai ya fara matsowa gefe yana ci ba ƙaƙƙautawa don shirin saka ƙwai, kuma a lokacin ne ake kama manyan mata masu nauyi. Ina za ka neme shi? Gaɓar arewa ta tafki, don ita rana ta fi duka a can, da lungu mara zurfi mai baƙar laka a ƙasa ko duwatsu, su ne ke saurin ɗaukar ɗumi. Digiri 2 kacal tsakanin wannan lungun da wancan ya isa ya sa kifin duk su tattaru a guda.

Da an kai digiri 15 zuwa 18 sai namijin ya share wuri da wutsiya ya yi ɗan rami kamar faranti, macen ta zuba ƙwai ta yi gaba, shi ya tsaya gadi. Wanda ya taɓa ganin ramin karfasa a bakin dam ya gane hoton. A nan ko ba ya jin yunwa zai kai wa ƙugiya cafka don ya kore ta daga gidansa, shi ya sa kama shi ke da sauƙi, kuma shi ya sa ake ta gardama a kai. Ka ɗauke shi na 'yan mintuna, ƙananan kifaye sun afka wa ƙwan. Ni a ganina in ma ka kama, mayar da shi nan take. Wasu jihohin Amurka na arewa ma a wannan lokacin kama-ka-saki kawai doka ta yarda, kuma lasisi dole ne, ba a wasa da shi.

Abu ɗaya da ke ɓata lissafi shi ne iskar sanyi ta dawo kwatsam. Jiya kifi na ci, yau gari ya waye tangaran sama ba gajimare, ɗumin ruwa ya ragu da digiri 3, shikenan bas ya koma zurfi ya rufe baki. Sai ka rage girman abin da ka saƙala a ƙugiya, ka riƙa jan zaren a hankali ƙwarai.

Af, girman bas ɗin fa? Wanda ya kafa tarihi George Perry ne ya kama shi a tafkin Montgomery da ke jihar Jojiya, ranar 2 ga Yuni 1932, kilo 10 da ɗan ɗoriya, kuma gida ya kai shi aka soye aka cinye. Sai a 2009 Manabu Kurita ya kama mai irin wannan nauyin a tafkin Biwa na Japan.