Inuwa da Haske a Jikin Sojan Roba

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa na can baya, kuna jina? To madalla.

Waɗannan 'yan sojojin da na jera a kan tebur na wasan Warhammer 40,000 ne, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1987. A Landan aka kafa kamfanin a 1975, amma yanzu a Nottingham yake da hedikwata, can ne kuma ake zuba sojojin. Labarin wasan na yaƙe-yaƙe ne tsakanin duniyoyin sama, a wajajen shekara ta 40,000. Mutum biyu kowa zai jera rundunarsa, a auna tafiyar soja da tef inci-inci, a jefa 'yan lido a ga harbin wa ya samu. Wasan ke nan a taƙaice. Ni a kan aikin hannun na zo magana, wato harhaɗa sojojin da yi musu fenti.

Idan ka buɗe kwalin, ba soja za ka tarar ba. Firam ne na roba mai ruwan toka, kai daban, ƙafa daban, bindiga daban. Da ƙaramar filaya za ka ciro su, sannan ka kankare siririn layin da ya fito a inda ɓarin mazubi biyu suka haɗu. Mutane da yawa suna ƙyale layin nan don gaggawa, shi kuwa fenti ba ya rufa masa asiri, ƙara fito da shi yake yi. Wajen haɗawa kuma, gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake su zama abu ɗaya, don haka ba ya kama sojojin ƙarfe ko na resin, wani abu mai kama da roba. Su sai sufa gulu.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Sojan nan bai kai tsawon babban yatsana ba. Mutum na gaske in ya tsaya a rana, lanƙwasar rigarsa da ƙasan haɓarsa da kansu suke yin duhu. Wannan kuwa ramukan jikinsa ba su da zurfin da za su riƙe inuwa. In ka shafa masa shuɗi kawai ka ajiye, daga nesa dunƙulen shuɗi za a gani. Kenan inuwar da hasken, kai ne za ka sa su da buroshi.

Da farko a fesa fentin ƙasa, baƙi ko fari ko toka, don sauran su samu wurin kamawa. Sai babban launi, a tsinka shi da ruwa kamar tsinkakken kunu, a shafa sau biyu ko uku. Mai kauri cike zanen sulke yake yi, ya toshe idanu. Daga nan a kawo duhun fenti mai ruwa sosai, shi da kansa zai gangara cikin ramuka ya kwanta. Inuwa ta samu ke nan. Hasken kuma hanya biyu ce: ko ka goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa ka riƙa kaɗa shi a kan tudun jikin, ko ka bi gefen kowane sulke da siririn layi mai haske. Ta biyun ta fi cin lokaci, amma ta fi tsafta.

A 2019 kamfanin ya kawo fentin Contrast, mai ba da launi da inuwa a shafa ɗaya. Wasu tsofaffin hannu sun raina shi. Ni ban ga laifinsa ba ga mai soja hamsin a gabansa. Gasar fentin sojoji ta Golden Demon, da aka fara tun 1987, ita ce wurin wanda zai kwashe watanni a kan soja guda. Na wasa kuwa daga tsawon hannu ake kallonsa.

Abu ɗaya game da yanayinmu: fentin akirilik, irin wanda ake shafa wa sojojin nan, bushewa yake nan da nan a zafi, balle lokacin hunturu, ga ƙura. Ku samu roba mai murfi, ku shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu, ku ɗora takardar da masu gasa kek ke amfani da ita, ku riƙa zuba fentin a kai. Sojan da bai bushe ba kuma a kife masa kofi.

To, ku matso kusa. Ƙanwata, miƙo min wancan mai ruwan tokar, mu fara da kankare layin.