Ashe ba ta jefar da katin ba

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da yadda kyamarar nan ke rawa, ko rigar sanyi ban cire ba. Yanzun nan na fito daga gidan maƙwabciyata, tsohuwar Baturiyar nan da ke zaune ita kaɗai. Saƙo aka bari a wurinmu na je miƙa mata, ta ce sai na shigo. Ina sa ƙafa a falon idona ya sauka a kan kantar da ke saman murhu. Katina ne! Katin da na yi mata da hannuna wata huɗu da suka wuce, lokacin da aka sallamo ta daga asibiti, ga shi nan a tsaye tsakanin hoton marigayi mijinta da na jikokinta. A wancan lokacin katunan da aka aiko mata sun fi ashirin, na gan su da idona. Duk ta kwashe ta zuba a akwati, nawa kaɗai ta bari. Ta ce kullum in tana goge ƙura sai ta shafa ganyen zinaren nan da yatsa. Wallahi sai da ƙwalla ta cika min ido, na yi sauri na yi mata sallama.

Shi ya sa na ce yau ba zan kwanta ba sai na nuna muku teburin nan da nake yin kati a kai.

Wanda bai zauna a Ingila ba ba zai gane yadda mutanen nan suka ɗauki kati ba. Ka koma sabon gida, kati. Ka ci jarrabawar tuƙi, kati. Ka bar aiki, a zagaya da kati ɗaya ofis kowa ya sa hannu. Haihuwa, rasuwa, ritaya, duk da nasa. Akwai shaguna da ba abin da ya cika su sai kati da takardar naɗe kyauta. Farkon zuwana abin haushi yake ba ni, in fitar da fam uku da rabi in sayi kwalin da wani can ya rubuta kalmomin da ke ciki, ni nawa sa suna kawai. Tsohuwar nan ce ta fara ba ni labarin asalin abin, na je na karanta na tarar haka ne. A 1843 wani mai suna Henry Cole, wanda daga baya ya zama shugaban farko na gidan tarihin da yanzu ake kira Victoria and Albert a Landan, ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti, aka buga guda 1,000, ana sayar da kowanne sule ɗaya. Shekara uku kafin nan, a 1840, aka fito da kan sarki na farko, Penny Black, aika wasiƙa ya yi araha. Abin da ya fi burge ni, katunan nan na farko bayan an buga su da hannu aka bi aka saka musu launi ɗaya bayan ɗaya. Kun ga ke nan abin da nake yi a teburin nan ba baƙo ba ne.

Bari in juyo da kyamarar. To, ga hatiman da nake buga zane da su a kan kati. Wannan ja, na roba ne na gaske, an manna shi a jikin katako. Layinsa yana fita tsaf, ko jijiyar ganye ba ya ɓatarwa, amma ba ka ganin inda kake dannawa, sai ka ɗaga ka ga abin da Allah ya yi. Wannan kuma mai haske kamar gilashi, ɓare shi ake yi a manna a wannan ɗan bulo mai haske, kana hango takardar ta cikinsa. Ni dai shi na fi so. Amma 'yar uwa, kar ki yarda araha ta ja ki. Na taɓa sayen wani saiti mai rahusa a intanet, kamarsu ɗaya a ido, sai dai robar daban ce, tawada ba ta kwanciya a kai, sai ta dunƙule kamar raɓa a kan ganye. Furen ya fito duk ɗigo-ɗigo. Ki nemi wanda aka rubuta "photopolymer" a jikinsa, sunan irin robar ke nan, in kin taɓa za ki ji yana ɗan danƙo. Kuma in za ki buga, tawadar ake kai wa hatimi, a dinga ɗan bubbugawa a hankali, ba a lumtsa hatimin cikin tawada ba. Ki danna sau ɗaya, kar ki jijjiga, ki ɗan ƙirga biyar, ki ɗaga sama kai tsaye.

Yanzu ga inda na sha wahala, kuma nan nake so ku buɗe kunne. Tawada.

Katin farko da na ɗauka da muhimmanci na ranar haihuwar ɗiyata ne. Na buga hoton yarinya riƙe da balan-balan da wata baƙar tawada mai suna StazOn, don na ji an ce ba ta gogewa. Gaskiya ne kuwa, ko a gilashi ko a leda tana kamawa, don haka aka yi ta. Na bari ta bushe, na ɗauko maka, wato alƙalamin saka launi, na fara cika fuska. Bakin makar na taɓa layin sai baƙin ya narke ya biyo shi, fuskar yarinyar ta koma kamar an shafa mata gawayi, bakin makar da na saya kusan fam shida shi ma ya yi baƙi. Daren nan ban yi barcin kirki ba, don gobe ne bikin. Laifin ba na tawadar ba ne, ni ce ban san ƙa'idar ba. Makar nan sipirit ne a cikinta, tawadar kuma irin wadda sipirit ke narkarwa ce. Abin da za ki saka launi da shi, kar ya zama shi ne ke narkar da tawadar da kika buga layi da ita. In maka mai sipirit za ki yi amfani da ita, ki buga da tawadar Memento, ita ruwa ne asalinta, sipirit ba ruwansa da ita. In kuma fentin ruwa da buroshi za ki yi, Memento za ta zubar miki da hawaye a takarda, sai ki koma VersaFine ko Archival, waɗanda in sun bushe ruwa ba ya motsa su. Kun ga jikin kowane murfi na manna 'yar takarda na rubuta da Hausa, wannan "ta maka", wannan "ta ruwa". Tun daga ranar ban sake ruɗewa ba.

Akwai kuma wannan, Distress, da ake so ta amsa ruwa da gangan. Da ita nake yin sararin sama. Ki ɗebo da soso, ki fara daga wajen takardar ki shigo ciki kina zagayawa, in kin fara daga tsakiya tabo zai zauna. Sai ki jiƙa yatsu ki yarfa ruwa, ki ɗora tsumma ki ɗaga. Ku duba nan. Kamar taurari, ko ba haka ba?

Alƙaluman launin nan Copic sunansu, daga Japan suke, tun 1987 ake yin su, an ƙirƙiro su ne don masu zane su iya saka launi a kan hoton da aka yi fotokwafi ba tare da baƙin ya narke ba. Launinsu 358. Ni goma sha tara gare ni, ɗaya-ɗaya na tara su a shekara biyu, kuma ban ga abin da mai ɗari ta fi ni ba. In sun ƙare ana sake ɗura musu tawada, ba a jefarwa. Lambar da ke kan murfin ita ce sirrin. Harafin yana gaya miki dangin launi, lambar farko ƙarfin launin, ta ƙarshe kuma duhunsa. In kina son uku da za su haɗu lafiya, ki ɗauki masu harafi ɗaya da lambar farko ɗaya, ta ƙarshen kawai ta bambanta.

Ga misalin da ya fi kusa da zuciyata. Duk bidiyon da na kalla da farko, in za a saka wa mutum launin fata, kalolin nan masu haske ake ɗaukowa, kamar kowa a duniya fari ne. Ni kuwa 'ya'yana nake so su kalli kati su ga kansu. Na ɓata takarda ba adadi kafin na samu hannu. Ku matso ku gani, wannan katin Ummata ne nake kan yi, mace ce zaune da ɗankwali. Na fara da E25, na shafe fuskar duka, amma na bar goshi da karan hanci da saman kumatu da shafa ɗaya tak, don a nan haske ke sauka a fatarmu, kuma baƙar fata sheƙi gare ta, in kin cike ko'ina sai fuskar ta mutu. Sai E27 a gefen fuska da ƙarƙashin ido. Sai E29, kaɗan, a ƙarƙashin haɓa da inda ɗankwali ya yi inuwa. Yanzu kafin ya bushe na koma E25 ina bin inda suka haɗu, a hankali, har layin ya ɓace. Kar ki kuskura ki yi inuwa da baƙi, fuskar datti za ta yi. In kina son inuwar ta ƙara zurfi, ɗan shuɗi mai ruwan shanshanbali za ki sa a ƙasa sannan ki rufe da ruwan ƙasan. Ku dubi kumatun nan don Allah. Haka fuskarta take in ta zauna bakin ƙofa da yamma rana ta kusa faɗuwa. Shekara uku rabon da in ga wannan fuskar ba ta cikin waya ba.

Bari in sha ruwa.

Af, ki sa wata takardar banza a ƙasa, don makar nan ratsa takarda take yi, ta ɓata min mayafin tebur ɗaya. Wannan makar mai lamba 0 kuma, marar launi, sunanta na nuna kamar haɗa launi take yi, amma aikinta ture launi ne. In kin tsallake layi, ki sa ta daga waje ki dinga tura launin yana komawa ciki.

Yanzu zinaren da tsohuwa ke shafawa. Wannan ko sau ɗari na yi, sai na ji daɗi kamar yau na fara. Na shafa wannan 'yar jakar hoda a takarda don kar garin zinaren, wanda zafi ke narkarwa, ya manne inda ban so ba. Na buga ganye da tawadar VersaMark, ba ta da launi, danƙo kawai gare ta kuma ba ta saurin bushewa. Kun ga kamar ba komai a wurin. Na zuba garin, na karkaɗe saura ya koma kwalba. Yanzu ya yi kama da yashi, ba kyau ko kaɗan. Ga na'urar zafi, fam goma sha biyar na saye ta, na bar ta ta ɗan ɗau zafi tukuna. Kar wadda ta ce bari ta gwada da dirayar gashi, iskarta ta yi yawa zafinta bai kai ba, garin kawai za ta watsa miki a ɗaki. To ku zuba ido. Kun gani? Kun ga yadda yake narkewa yana bin jijiyar ganyen, yashi yana komawa zinare? Da ya yi sheƙi ki matsa gaba, in kin tsaya wuri ɗaya zai nutse cikin takardar ya ƙone. Kuma ki riƙe da abin matsa shanya, na'urar nan ba ta san yatsa ba. Wani daɗin kuma, layin ya taso kamar ɗan shinge, in kin sa fentin ruwa a ciki ba ya tsallakewa.

Takarda kuwa, kwali mai kauri, wanda aka rubuta 300gsm a jikinsa, nake yin jikin katin da shi don ya tsaya da ƙafarsa. A4 ɗaya ki raba biyu, ki ja layi da bayan wuƙa ko abin ninki kafin ki ninke, in ba haka ba bakin zai tsattsage. Zai ba ki kati biyu masu milimita 105 da 148, daidai ambulan mai girman da ake kira C6. Masu bidiyon Amurka da inci suke awo, katinsu huɗu da kwata ne da biyar da rabi, in kin bi awonsu a takardarmu gefen ba zai zo daidai ba.

Gargaɗi ɗaya da ya zame min dole. A nan, wasiƙa ta kuɗin kan sarki na yau da kullum kaurinta ba ya wuce milimita 5, nauyi giram 100. Ta wuce haka ta zama babbar wasiƙa, kuɗinta daban. Na taɓa yi wa wata ƙawata katin barka da haihuwa, na ɗora fure a kan fure da soso mai gam, har da ɗan maɓalli. Na jefa a akwatin gidan waya hankalina kwance. Maimakon kati, takarda aka jefa mata cewa sai ta biya ciko da kuɗin ɗawainiya kafin a ba ta. Mai jego, da jariri ɗan sati biyu. Har yau in na tuna raina ba ya min daɗi. Yanzu ga wannan, kwali ne na yanka masa tsaga mai milimita 5, duk katin da bai zura ta ciki ba, da ambulan ɗinsa, ba ya fita gidan nan.

Saura rubutun cikin na Umma. Duk hatiman kalmomi da nake samu da Turanci suke, ita kuma ba da Turanci nake mata magana ba. Sai na sayi saitin haruffa, ina jera su ɗaya-ɗaya a kan bulo. Babu ƙ a ciki, babu ɗ, babu ɓ. To ga abin da nake yi: in buga k, in ɗauko wannan siririn alƙalami, in lanƙwasa mata ƙugiyarta da hannuna. "Allah ya ƙara lafiya, Umma." Bari in matso da fitila, hannuna rawa yake ɗan yi yau. Ku ɗan yi shiru in sa ƙugiyar nan.