1960 ko 1979: Yaushe Matan Arewa Suka Fara Kaɗa Ƙuri'a?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ko aka zo ranar mata ta duniya a 8 ga Maris, sai an sake tayar da gardama a Facebook da zaurukan WhatsApp a kan shekarar da matan Najeriya suka sami ikon kaɗa ƙuri'a. Wani ya rubuta 1954, wani ya ce ai 1960 ce tunda a shekarar aka sami 'yancin kai, wani kuma ya kafe a kan 1979, har ta kai ana jifan juna da jahilci ko da neman ɓata sunan Arewa. Abin da ya hana gardamar mutuwa shi ne kusan kowa yana riƙe da wani ɓangare na gaskiya, amma akwai mataki guda da mafi yawan masu musun suke tsallakewa, kuma a kansa za mu fi tsayawa a wannan bidiyo.

Bari mu bi farkon labarin da sauri. Zaɓe irin na zamani ya shigo Najeriya da tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922, wanda ya ware kujeru uku ga Legas da ɗaya ga Kalaba, kuma maza ne kawai masu samun fam 100 a shekara suke da ƙuri'a. Matan Kudu ba su zauna jiran a kira su ba. A 1929 dubban mata a yankin Aba suka yi bore saboda jin cewa za a ɗora musu haraji, sannan a ƙarshen shekarun 1940 matan Abeokuta, ƙarƙashin jagorancin Funmilayo Ransome-Kuti, suka matsa lamba a kan haraji da rashin wakilci har Alake, wato sarkin Abeokuta, ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a 1949. Waɗannan su ne hotunan da kuke gani yanzu, kuma su ne aka fi yaɗawa idan ana maganar gwagwarmayar mata a ƙasar nan.

Yanzu ku dubi wannan taswira da kyau, domin a nan ne matakin yake. A 1954 tsarin mulkin Lyttelton ya mai da Najeriya tarayya mai yankuna uku, wato Arewa da Gabas da Yamma, ga Legas a matsayin babban birni. Kowane yanki yana da gwamnatinsa da majalisarsa, kuma ba doka guda ce take faɗin wanda zai yi zaɓe a faɗin ƙasar ba. Kowane yanki da nasa ƙa'idar. Yankin Gabas ya buɗe ƙofa ga duk baligi, namiji da mace, a 1954. Yankin Yamma ya fara da mata masu biyan haraji kafin ya buɗe wa kowa. Yankin Arewa kuwa ya tsaya a kan maza zalla, kuma da aka zauna tarukan tsarin mulki a Landan a 1957 da 1958 don shirya 'yancin kai, an amince da wannan bambanci, aka bar shi ya shiga dokar zaɓen tarayya. Saboda haka wanda ya ce 1954 bai yi ƙarya ba, sai dai labarin Enugu da Aba yake bayarwa. Wanda ya ce 1960 shi ne ya fi kowa nisa da gaskiya, domin ranar 1 ga Oktoba ta wannan shekara ta sauke tutar Ingila amma ba ta taɓa ƙa'idar zaɓe ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne wannan doka iyakar yanki take bi. Ba ta tambayar addinin mace ko ƙabilarta. A babban zaɓen 12 ga Disamba, 1959, Musulma 'yar kasuwa a Ibadan ta shiga layi ta kaɗa ƙuri'arta, amma Kirista malamar makaranta a Jos ko Makurdi ba ta da suna a rajista, haka ma Bayarabiya a Ilori, domin duk waɗannan garuruwa a cikin yankin Arewa suke a lokacin. Mace 'yar Gabas da ta biyo mijinta Sabon Garin Kano ita ma ta bar ƙuri'arta a gida. Ina roƙon masu kallo su riƙe wannan, domin yana warware rabin zagin da ake yi wa juna a ƙarƙashin irin waɗannan rubuce-rubuce.

Akwai kuma lissafin kujeru, wanda a ganina shi ne ɓangaren da ya fi ciwo. Majalisar Wakilai da aka zaɓa a 1959 tana da kujeru 312, kuma an raba su ne bisa yawan jama'a kamar yadda ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta nuna. Arewa ta sami 174, Gabas 73, Yamma 62, Legas kuma 3. Ƙidayar nan ba ta tsallake mata ba. An ƙirga su a kowane gida, kuma da yawansu ne Arewa ta sami fiye da rabin kujerun majalisa. Amma da ranar zaɓen waɗanda za su hau kujerun ta zo, sai aka ce su zauna a gida. Kamar a ƙirga kowa da kowa a gida lokacin karɓo kason nama ne, sannan idan an zo ci a ce maza kaɗai za su sa hannu a akushi. Gwamnatin da ta karɓi mulki daga Turawa, ƙarƙashin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, ta tsaya ne a kan wannan rinjaye, kuma haka aka sake yi a zaɓen 1964.

A hotunan rumfunan zaɓen Arewa na wancan lokaci da ke wucewa a gabanku, duk inda kuka duba rawuna ne da huluna. Mai zaɓe yakan karɓi takardarsa, ya shiga wani ɗan keɓaɓɓen wuri inda aka jera akwatuna, kowane ɗan takara da akwatinsa ɗauke da alamar jam'iyyarsa, fartanya ga NPC mai mulkin Arewa, tauraro ga NEPU ta 'yan adawa, sai ya jefa takardar a wanda yake so. An tsara haka ne domin wanda bai iya karatun boko ba ya iya zaɓe, kuma mafi yawan mazan da suka shiga layin ba su yi boko ba. Don haka hujjar cewa mata ba su da ilimin da za su yi zaɓe ba ta da ƙafar tsayawa, tunda matar da take gane kuɗinta da bashinta a sana'ar ƙuli-ƙuli ko saƙa ba za ta kasa bambanta fartanya da tauraro ba.

Idan muka ɗaga taswirar sama kaɗan, za mu ga wani abu da ya kamata ya sa mu yi tunani. A Nijar, wadda Faransa take mulka, dokar garambawul ta watan Yunin 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a a ƙasashen da Faransa take riƙe da su a Afirka, kuma a kan wannan ƙa'ida aka yi zaɓen majalisar ƙasar a watan Maris na 1957. Ma'ana, Bahaushiya a Maraɗi ko Damagaram doka ta ba ta ƙuri'a kusan shekara 20 kafin 'yar uwarta ta Katsina ko Daura, alhali harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, wani lokaci ma kakansu ɗaya. Misali na biyu ya fi wannan kusa. Arewacin Kamaru, inda garuruwa irin su Mubi da Ganye suke, yanki ne na riƙon amana da Ingila take kula da shi a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya. Da aka zo ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961, don jama'a su zaɓi shiga Najeriya ko Kamaru, Majalisar ta tsaya a kan cewa mata ma su yi zaɓe, kuma sun fito sun yi. Yankin ya zaɓi Najeriya, ya zama Lardin Sardauna a cikin yankin Arewa, inda dokar maza zalla take aiki. Matan da ƙuri'arsu ta taimaka wajen yanke makomar ƙasarsu suka wayi gari a ƙarƙashin dokar da ba ta san su a rumfar zaɓe ba.

Kada kuma a ɗauka cewa matan Arewa sun yi shiru har sai da wani ya zo daga waje ya yi musu magana. Wannan da kuke gani ita ce Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta tashi a Zariya, mahaifinta ɗan asalin Gana ne ma'aikacin jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuma Banufiya. An yi mata aure tana da shekara 13, ba ta yi nisa a makaranta ba, amma tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a watan Agustan 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta kuma ta sanya ƙuri'ar mata cikin buƙatunta. Gambo ta zama shugabar reshen mata. Tana shiga gidajen kulle tana zama da matan aure tana yi musu bayanin siyasa, abin da namiji ɗan jam'iyya ba shi da hanyar yi, kuma wannan ne ya sa hukumomin En'e suka sa mata ido. An kama ta a Kano, an gurfanar da ita gaban alƙali, an hana ta zama a birnin. Masu rubuta tarihinta sun ƙirga ɗauri 16, ban da bulala da dukan 'yan banga da aske mata kai da aka yi don a wulaƙanta ta. Ta je har Abeokuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Yau akwai babban asibiti a Zariya da yake ɗauke da sunanta, amma ina shakka ko yawancin matan da suke zuwa awo can an taɓa gaya musu dalilin da ya kai ta kurkuku.

Ya kamata a yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Shugabannin NPC, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ba su ce mata ba za su taɓa yin zaɓe ba har abada. Matsayinsu shi ne lokaci bai yi ba, kuma al'ada da tsarin kulle da ra'ayin sarakuna da malamai ba za su ɗauki cakuɗuwar maza da mata a filin zaɓe ba. Wasu daga cikinsu da zuciya ɗaya suka yi wannan damuwa, ban musa ba. Amma ra'ayina shi ne matsala ce da take da magani mai sauƙi, kuma maganin shi ne wanda muke gani a rumfuna da dama a yau, layin mata daban, layin maza daban. Kuma ƙasar da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta rayu a cikinta, ta naɗa mata malamai da ake kira jaji tana tura su ƙauyuka suna koyar da mata addini da waƙoƙin Hausa da Fulatanci tun kafin rasuwarta a 1864, ba ƙasa ba ce da za a ce hankalin mace baƙo ne a cikinta.

Sauran labarin gajere ne. Sojoji suka karɓi mulki a Janairun 1966, zaɓe ya tsaya ga kowa, maza da mata, sannan a 1967 aka rushe yankunan aka kafa jihohi 12, wato katangar da dokar take jingine da ita ta faɗi. A 1976, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi garambawul ga ƙananan hukumomi, aka cire sharaɗin jinsi, kuma a zaɓen kansiloli na ƙarshen wannan shekara ne doka ta fara buɗe wa matan Arewa ƙofa. Kundin tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ƙuri'a ga kowane ɗan ƙasa mai shekara 18, duk da cewa kwamitin mutum 49 da ya tsara daftarinsa babu mace ko ɗaya a cikinsa. A zaɓukan Yuli da Agustan 1979, waɗanda suka kawo Alhaji Shehu Shagari, matan Sakkwato da Kano da Maiduguri suka zaɓi shugaban ƙasa da gwamna da 'yan majalisa a karon farko. Gambo Sawaba tana da shekara 46 a lokacin, tana cikin shugabannin jam'iyyar GNPP.

Saboda haka duk wanda zai rubuta shekara, ya fara faɗin yankin da yake nufi, sannan ya faɗi irin zaɓen: ƙaramar hukuma a Arewa 1976, zaɓen ƙasa baki ɗaya 1979. Wannan na nufin akwai tsofaffi a gidajenmu yau waɗanda sun yi aure sun haihu kafin doka ta yarda su riƙe takardar zaɓe, kuma zai yi kyau masu kallo su tambaye su yadda ranar ta kasance tun suna da ƙarfin ba da labari. Dogayen layukan mata da kuke gani a wannan hoto na ƙarshe daga zaɓen 2023 ne, zaɓen da bayan kammala shari'o'insa mata huɗu ne kawai suka zauna a Majalisar Dattawa mai kujeru 109, kuma babu jiha ko ɗaya cikin 36 da ta zaɓi mace gwamna.