Jawabin Maraba ga Jakadan Kanada a Taron Tunawa da Brian Mulroney

Assalamu alaikum. Mai girma Jakadan Kanada, ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Iyayenmu sarakuna, malamai da sauran jama'a, barkanku da hallara. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, to yau gidan nan naka ne.

Wani zai ce, me ya haɗa mu da mutumin Baie-Comeau, wani ƙaramin gari a lardin Kwibek, har muka taru don tunawa da shi? A can aka haifi Brian Mulroney a 1939, mahaifinsa ma'aikacin lantarki a masana'antar takarda. Ya yi karatun lauya, ya zama Firayim Minista daga 1984 zuwa 1993, ya rasu a Fabrairun 2024.

Afirka ta Kudu ce ta haɗa mu. Lokacin da Najeriya ke kashe dukiyarta wajen yaƙi da mulkin wariyar launin fata, manyan ƙasashen Yamma jan ƙafa suke yi. Mulroney ɗan ra'ayin mazan jiya ne kamar Margaret Thatcher ta Birtaniya da Ronald Reagan na Amurka, kowa ya zaci bayansu zai bi. Sai ga shi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1985 yana cewa Kanada a shirye take ta ƙaƙaba cikakken takunkumi, har ta yanke hulɗa da gwamnatin Afirka ta Kudu in ba a canza ba. A shekarar ce Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila ta kafa kwamitin dattawa kan batun Afirka ta Kudu a taron Nassau, wanda Janar Obasanjo ya shugabanta tare da Malcolm Fraser na Ostareliya. A taron ƙungiyar na 1987 a birnin Vancouver na Kanada kuwa, Mulroney ne mai masaukin baƙi, amma kunyar baƙuwa ba ta hana shi ja da Thatcher kan batun takunkumin ba. Shi ya sa wata huɗu kacal bayan fitowar Mandela daga kurkuku a 1990, ya je Ottawa ya yi wa majalisarku jawabi.

Mun sani, ranka ya daɗe, a gida bai sauka da farin jini ba. Harajin kashi 7 cikin ɗari da ya sa kan kaya a 1991 ya ɓata wa jama'a rai, bayan saukarsa jam'iyyarsa ta tsira da kujera biyu tak. Wannan tsakaninsa da mutanensa ne, ba za mu sa baki ba.

Ga ruwan sanyi nan a gabanka. In ka huta, bismillah, muna sauraronka.