Yadda ake rage rassan fure mai ƙaya ba tare da an ji ciwo ba

Ɗan itacen nan da akan gani cikin tukunya, mai ƙaya tun daga gindi har sama da jajayen furanni a kan rassa, ana yawan samunsa wurin masu sayar da furanni a Yamai. Masana tsirrai suna kiransa Euphorbia milii. Asalinsa daga tsibirin Madagaska ne, an kuma kai shi Faransa a shekarar 1821. Danginsa ɗaya da aguwar da manoma ke shinge da ita, kuma kamar aguwa, da zarar an yanke shi sai farin ruwa mai kama da nono ya tsattsafo.

Mutane sukan ji tsoron ƙayar, alhali ruwan nan ya fi ta haɗari, domin yana ƙona fata, idan kuwa ya shiga ido zafinsa ba ya misaltuwa. Saboda haka kafin ku taɓa almakashi ku sa safar hannu mai kauri da tabarau, ku kuma kori yara daga wurin. In ya ɗiga a hannu, a wanke da sabulu nan take. In ya faɗa ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, sannan a nufi likita.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Fabrairu, sa'ad da sanyin hunturu ya ja da baya amma zafin Afrilu bai kankama ba. Damina ba lokacin yanka ba ce, domin danshi yana sa bakin yankan ya ruɓe.

Yanzu ku dubi reshen da ya yi tsawo ya tanƙware, ganye duk ya zube sai ɗan tsiro a can ƙarshe. Irinsa muke nema. A goge bakin almakashin da alkol, wato ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a riƙe reshen da tsumma, a yanke shi sau ɗaya tak, ɗan sama da inda ganye ya taɓa fitowa, a kuma karkata yankan kaɗan don kada ruwa ya kwanta a kai. Daga ƙasan wurin ne sababbin rassa za su tsiro, kuma tun da furen a kan reshe yake fitowa, yawan rassa shi ne yawan fure. Farin ruwan da ke zuba daga yankan kuwa, a yayyafa masa ruwan sanyi ko a barbaɗa garin gawayi, zai tsaya.

Busassun rassa da waɗanda suka yi baƙi suka yi laushi, a cire su gaba ɗaya. Amma kada a kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na itacen a zama guda, domin girmansa a hankali yake.

Reshen da aka yanke, in lafiyayye ne kuma ya kai santimita 10, a ajiye shi a inuwa kwana 3 har bakinsa ya bushe, sannan a dasa shi cikin ƙasa mai yashi, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan.