Sharhi: Masu haƙƙi a cikin memorin wayarka

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Wudil ranar Juma'a, ya san rumfar mai turi. Janareta na ƙugi a baya, wayoyi jere a kan allon caji, kwamfuta guda ɗaya da ta sha ƙura, samari sun yi cincirindo kowa na miƙa memorinsa. Wannan a zuba masa karatun Alƙur'ani da wa'azi, wancan waƙoƙin biki, na ukunsu fassarar Indiya yake so har a cika masa. A biya, a kama hanyar gida. Ba wanda ke tambayar kayan wa aka auna masa. Alhali ɗan abin nan da bai kai farcen babban yatsa ba, mutum uku ne ke da haƙƙi a cikinsa: wanda ya ƙirƙiro dabarar matse sautin, da wanda sunansa ke rubuce a jikin memorin, da wanda ya rera waƙar.

Mu fara da na farko. Haruffan nan da kuke gani a ƙarshen sunan waƙa, MP3, aikin wasu injiniyoyi ne a cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke garin Erlangen a Jamus, fitacce a cikinsu shi ne Karlheinz Brandenburg. Abin da suka lura da shi kowane ɗan ƙauye ya san shi: in kana tsaye a bakin injin niƙa, wanda ke maka raɗa ɓata bakinsa yake yi. Babban sauti yana danne ƙarami. Sai suka ce, tunda kunne ba zai ji ƙaramin ba, me ya sa za a ɓata wuri wajen adana shi? Aka zubar da shi. Da haka waƙar minti biyar da kan cinye kusan mega 50 a faifan CD ta dawo kamar mega 5, kuma mai sauraro bai ji an rage masa komai ba. A 1993 aka fitar da tsarin, a watan Yulin 1995 aka raɗa masa sunan da muka sani.

Ba su tsaya nan ba, sun je sun karɓi takardar mallakar ƙirƙira. Ita wannan takarda ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: ka bayyana sirrin dabararka a rubuce, mu kuma mu hana kowa amfani da ita sai da izininka, har shekara 20. Saboda haka manyan kamfanonin da ke ƙera wayoyi da rediyoyi masu cin memori suka yi ta biyan kuɗin lasisi, su kuma suna fanshewa a farashin kaya. Manomin da ya sayar da buhun riɗi ya sayi wayar babban kamfani a wancan zamani, ya taya Jamusawan nan cefane bai sani ba. A watan Afrilun 2017 wa'adi ya cika, aka rufe karɓar kuɗin. Yau MP3 ta zama rijiyar gari.

Bidiyo ma haka abin yake, sai dai masu shi sun fi yawa. Tsarin H.264 na shekarar 2003, wanda akasarin bidiyon da ake turawa a waya ke tafiya a kansa, kamfanoni da dama ne ke da takardu a cikinsa, har sai da suka haɗa asusu guda na karɓar kuɗi. Biyan ya ishi su Google da Netflix da Amazon, suka haɗa kai da wasu suka fitar da AV1 a 2018, wanda ba a biyan lasisinsa.

Na biyu shi ne tambarin kasuwanci, kuma a nan ba mu da abin koyo wurin Bature sai cika takarda. Kalmar tambari kanta sunan gangar sarki ce, wadda ba a kaɗa wa kowa sai shi. In ka ji kakaki, ba sai an gaya maka wanda ya fito ba. Mahauta da takensu, maƙera da nasu, ɗan dambe da nasa, kuma makaɗin da ya kuskura ya kaɗa wa wani taken wani ya san ya jawo wa kansa. To, wannan shi ne abin da gidan rediyon NBC na Amurka ya yi a 1950, da ya yi rajistar 'yan sautuka uku na ƙararrawa a matsayin takensa. Kiɗan nan na wayar Nokia da ya taɓa cika kowace tasha da kowane masallaci, wani ɗan yanki ne daga kiɗan da Francisco Tarrega, makaɗin jita ɗan ƙasar Sifaniya, ya tsara a 1902. Mai shi ya rasu da daɗewa, kamfanin ya ɗauka ya yi masa rajista. Har masu ƙera babur na Harley-Davidson sun nemi a yi musu rajistar rugugin injinsu a 1994, abokan hamayya suka tashi haiƙan, a 2000 suka haƙura. Da sun yi nasara, da wataƙila 'yan acaɓanmu masu fasa salansa sun bi sahu.

Bambancin da ya kamata a riƙe shi ne, takardar ƙirƙira tana mutuwa, tambari kuwa ba ya mutuwa muddin ana sabunta shi. A dokar Najeriya ta 1965, rajistar farko shekara 7 ce, daga nan sai a riƙa sabuntawa duk bayan shekara 14.

Wani zai ce ina ruwan talaka da tambarin kamfanin da ke wata uwa duniya. Da ruwansa, domin shi ake cuta da shi. Kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba ne suka fito da katin SD, wato irin memorin nan, a 1999, sunayensu suka zama abin yarda. Ɗan jabu sai ya samo memori mai giga 2, ya sauya masa lissafin ciki yadda waya za ta nuna giga 32, ya manna sunan babban kamfani. Ranar farko lafiya lau. Da ainihin cikinsa ya cika, sabon abu sai ya hau kan tsoho ya shafe shi. Uwa ta zo nuna wa dangi bidiyon kai 'yarta ɗaki, waya ta ce ba za ta iya buɗewa ba. Kamfanin bai san an yi ba, ita ce ta yi asarar abin da ba a sake ɗauka. Wanda zai sayi memori ya sa a cika masa shi a gabansa, sannan ya buɗe abubuwan da aka fara zubawa, ba na ƙarshe kaɗai ba.

Na uku, mawaƙi, shi dokar haƙƙin mallaka ce ke kare shi, kuma ba sai ya yi rajista ba. Da ya rera aka naɗa, ta zama tasa. Sabuwar dokar ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba sautin da aka naɗa da fim kariyar shekara 50. Ni ba na cikin masu kiran duk mai turi ɓarawo. Su ne suka kai waƙa da karatu rugagen da sabis ba ya zuwa, kuma mawaƙa nawa ne aka fara gayyata biki saboda rumfar turi ta yaɗa su? Inda nake ganin laifinsu shi ne goge suna. Yaro ya tara kuɗin ƙodago, ya je situdiyo a Haɗeja ko Gumel, waƙa ta fito, sai a same ta a waya an rubuta mata "sabuwa 2", an kuma ɗora muryar mai shago da lambarsa a kan amshi. Mawaƙanmu na dauri sun san maganin wannan tun kafin kaset, shi ya sa suke ambaton sunansu da na 'yan amshinsu a tsakiyar waƙa, inda ba a iya yankewa.

Akwai kuma wani tarko da bidiyo ke ɗana wa masu basirarmu, su kuwa suna shiga da ƙafarsu. Mai walda a ƙauye ya haɗa sabon injin sussukar gero ko na ɓarar gyaɗa, murna ta kama shi, ya kira yaro ya ɗauke shi, ya buɗe cikin injin yana bayani dalla-dalla, aka saka a TikTok. Dokar ƙirƙira ta 1970 ta ce ba a bayar da takarda sai ga sabon abu, kuma duk abin da aka riga aka bayyana wa jama'a kafin ranar shigar da buƙata ya daina zama sabo, ko da mai shi ne ya bayyana. Haka nan dokar tana duba wanda ya riga shigar da takarda ne. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, kuma akwai hukumar NOTAP da ke taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da buƙatarsu. Abin da za a nema a hannunsa shi ne zanen injin, da rubutaccen bayanin yadda yake aiki, da kuma wurin da ya bambanta da injinan da ke kasuwa.